Na Yanke Baba Iliya Daga Hoto

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. 'Yan'uwa, ni ne na yi laifi. Na fara da wannan don kada wani ya zaci labarin maƙiya na zo bayarwa. Ba wanda ya yi mini komai. Ni na cuci mutum, kuma mutumin yana zaune a cikinmu.

Sunana Bitrus, walda nake yi a Azuba, nan Lafia. Wanda ya koya mini aikin shi ne Baba Iliya, dattijonmu, ga shi can kusa da taga. Na zo wurinsa daga ƙauye ko guduma ban iya riƙewa ba. A gidansa na ci na kwana, Mama Rifkatu matarsa ba ta taɓa raba kwanona da na 'ya'yanta ba. Ranar da ya yaye ni, shi ya ba ni injin walda na farko.

Da na buɗe shagona, aiki ba ya zuwa sosai. Sai wani abokina ya ce, "Bitrus, zama za ka yi kana jiran mai wucewa? Yanzu a waya ake sanin manya. Buɗe shafi, sa hotunan aikinka, ka riƙa gaisawa da injiniyoyi." Ya sa ni a wani guruf na magina da 'yan kwangila, inda ake neman ma'aikata, wannan ya haɗa wancan da aiki. Shawarar ba ta da laifi. Zuciyata ce ke da laifi.

Na duba aikina, na ga bai kai in nuna wa manya ba. Sai na tuna da wani hoto da muka ɗauka a Assakio, gaban wani babban get. Baba ne ya zana shi, shi ya lanƙwasa furannin ƙarfen da hannunsa. Ni riƙe ƙarfe na yi da fenti. A hoton muna tsaye, ya dafa kafaɗata. Na yanke Baba daga hoton, na bar kaina da get. Amma hannunsa ya ƙi fita, yana nan a kafaɗata da tabon ƙunar da ke bayansa. Na ce ba wanda zai lura. Na rubuta a ƙasa, "Aikin hannuna, Allah ne ya yi." Kun ji? Har sunan Allah na sa a ciki!

Yabo ya fara zuwa. Suka fara kira na Injiniya Bitrus, ni da ko sakandare ban gama ba. Daɗin abin ya kama ni kamar giya. Ana wa'azi a nan, wayata tana ƙarƙashin Littafi Mai Tsarki, ina leƙa wa ya yaba mini.

Wata rana wani ɗan kwangila ya rubuta a guruf ɗin: "Wa ya san Iliya mai walda a Lafia? An ce mini hannunsa yana da kyau. Ina da gidaje masu buƙatar get da tagogi." Baba ba ya cikin guruf, ƙaramar waya mai tocila yake riƙewa. Wani ya amsa, "Ai Bitrus yaronsa ne, a tambaye shi."

Ku da ba 'yan sana'a ba, ku gane wannan. A wurinmu, abin da yaron shago ya faɗa a kan maigidansa ba a bincikensa, domin shi ya ci tuwon gidan. Na san haka sarai. Na rubuta, kowa yana gani: "Babana ne, amma ya tsufa. Hasken walda ya cinye idonsa. Ni nake riƙe da aikin yanzu."

Na samu aikin. Kayya! Ban san magana tana sauka daga waya ta shiga kasuwa da ƙafarta ba. Masu sayar da rodi suka ji, direbobin tifa suka ji. Mutane suka fara gaishe da Baba, "Sannu, ya idon?" Wani ya zo ya kwashe ƙarfen da ya kawo a yi masa tagogi. Shagon da ba ya rabuwa da ƙara ya yi tsit. Ni kuwa na canja hanya don kada in wuce ta wurin.

Za ku tuna Lahadin da Mama Rifkatu ta tashi a nan tana neman addu'a. Ta ce an ƙulla wa mijinta sharri, abinci yana neman gagarar gidansu. Ina zaune a bayanta, har da cewa Amin.

Bayan sujada Baba ya kama ni a bakin ƙofa. Ya ce, "Bitrus ɗana, ka ji wai na makance? To ga ni ina ganin maɓallin rigarka a karkace." Ya yi dariya, ni ma na yaƙe haƙora. Sai ya ce, "Zo ka yi mini addu'a. Cikin yarana kai Allah ya ɗaga."

Muka durƙusa. Ya dafa kafaɗata. Na buɗe ido kaɗan, sai ga hannun nan da tabonsa, daidai inda yake a hoton. Na ce, "Ya Uba na sama," daga nan bakina ya mutu. Me zan roƙa? Allah ya tona wanda ya yi sharrin? A zuciyata na ce, Yesu, ni ne, ka yi mini jinƙai! Hawaye suka ɓalle mini. Baba ya zaci tausayinsa nake ji, har yana lallashina. Wannan ya fi duka zafi.

Ban faɗa masa ranar ba, guduwa na yi. Sai da na je wurin Fasto na faɗa masa abin da na yi. Ya ce, "A ina ka yi ƙaryar? To a can za ka gyara ta. Amma ka fara zuwa wurin Baba Iliya."

Na sami Baba a shago yana zaune a kan benci. Na faɗa masa komai, na miƙa masa wayar. Ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce, "Wannan ai hannuna ne. Ina sauran jikina?" Ya ce, "Da ka ce kana son aikin, Bitrus, da na bar maka. Sai ka tsone mini ido?"

Ba zan ce komai ya koma daidai ba. Ɗan kwangilar ya janye sauran aikin daga hannuna. Masu kawo wa Baba aiki suna dawowa a hankali. Mama Rifkatu tana amsa gaisuwata, amma ba ta kira ni ɗanta ba tukuna, kuma ban ga laifinta ba. Duk da haka ina gode wa Ubangiji, ya fisshe ni daga ƙarya da yunwar yabo. Haleluya! Matasa, ku nemi mutane a waya, ku nuna aikinku, amma naku na gaskiya. Ku dogara ga Yesu, ba sai kun taka wani za ku ci abinci ba.

Ranar da na je shagon, Baba ya ce kada in rubuta gyaran, in faɗa da bakina su ji muryata. Na sa cikakken hoton a guruf, na danna wayar ta ɗauki muryata a gabansa na ce:

"Ni ne Bitrus mai walda. Ni ba injiniya ba ne. Get ɗin nan aikin Baba Iliya ne, riƙe ƙarfe da fenti kawai na yi. Idonsa lafiya lau, ƙarya na yi masa don in karɓe aikinsa. Baba, ka ciyar da ni, na saka maka da sharri. Ba ni da hujja. Ka yafe mini."