Layin 'Yan Kallo a Kotun Tokyo

A layin shiga kotun da ke shari'ar shugabannin yaƙi a Tokyo, wani dattijo ya ishi wata mata mai suna Tsuneko da surutu.

"Uwargida, abin tarihi ne fa! Daga kanmu da Jamusawa duniya ta fara hukunta masu tayar da yaƙi."

"Haba malam, ka ƙyale ni mana! Tun asuba nake tsaye. Ni fuskar waɗanda suka aiko wa ɗana jar takardar kiran soja na zo gani. Ko ƙashinsa ban samu ba."

"Ai laifin manya ne. Mu raba takardun kawai muka yi, gida-gida."

"Ku?"

Tsuneko ta dubi dattijon sama da ƙasa.

"To, kai me kake yi a layin 'yan kallo?"