Hutun Dole a Ƙofar Masaƙa

Ƙasar da ke haƙo mai, yaya za a yi injinanta su tsaya cik? Labaran, ma'aikacin masaƙa a Challawa, yana ta juya tambayar a ransa. Yana zaune wurin mai shayi, kusa da wani dattijo direban tanka.

"Samari, an sallame ku ne?" in ji dattijon.

"Hutun dole ne, Baba. Mako biyu kawai, kafin kayan gyara su iso."

"Haka aka ce wa ƙanena a kamfaninsu na Bompai. Wata takwas ke nan, ciyawa ta rufe ƙofar."

"Ai farashin ɗanyen mai zai tashi, kuɗi su shigo ƙasa. A rediyo aka faɗa."

"Rediyo ke ɗauko shi ko ni? Kwana shida na yi a layi, na dawo tanka fayau. Turawa sun rage sayen ɗanyen, gwamnati ta rasa abin shigo da kaya. Ina ne garinku?"

"Wajen Gaya."

"Ta nan zan bi, gona zan koma ni ma. An yi ruwan shuka shekaranjiya. Zo mu tafi."

"Allah ya kiyaye! Ranar da na baro gida, a gaban mahaifina na kyautar da fartanyata. Da wane ido zan koma?"

"Da wanda za ka kalli iyalinka in damina ta wuce ba ka shuka ba."

Dattijon ya tashi ya nufi tankarsa. Labaran yana jin an tayar da ita, sai ya ajiye kofi ya miƙe da gudu.

"Baba, ku tsaya! Amma a bayan gari za ku sauke ni."