Sjoukje Ta Tafi, Takardar Ruurd Na Kan Tebur

Mai girma magajin gari. Shugaban kamfaninmu, Malam Terpstra. Wiebe, mijin marigayiya. 'Ya'yanta Femke da Auke. Abokan aikina na ma'ajiyar cuku: sannunmu da wannan rashi.

Sunana Jelle. Ma'aikata suka zaɓe ni in yi magana, kuma sun san ba ni da laushin baki.

Sjoukje Hiemstra ta shugabanci sashenmu shekara goma sha tara. Ta kasance mace mai ganin abin da muke kauce wa gani. Mu nan, idan ɗayanmu ya ji rauni, sai mu aika masa kwandon 'ya'yan itace da kati, mu ce kada a dame shi. Ladabi muke kiran wannan. Da na faɗo daga tsani na karye a ƙugu, wata uku ban ga fuskar abokin aiki ba. Rannan sai ga Sjoukje a ƙofata, ko waya ba ta buga ba.

Ta ce, "Ban tambaye ka ciwonka ba, wannan tsakaninka da likita ne. Me za ka iya yi?"

Na ce ba abin da zan iya.

Ta ce, "Bakinka dai garau yake. Talata ƙarfe goma ka zo mu sha kofi, kada in zo in ɗauke ka a keke."

Na je. Daga shan kofi aka koma aikin awa biyu, daga awa biyu aka koma rabin yini. Ta kasance mai sauya wa mutum aiki daidai ƙarfinsa, ba ta jira sai ya warke sarai. Ta kasance mai faɗa da ofis a kanmu, sannan ta dawo ta yi faɗa da mu.

Malam Terpstra, ka gafarce ni, akwai maganar da ba za ta jira ba. Inji ya murƙushe wa abokin aikinmu Ruurd Postma hannun dama. Ba zai ƙara juya cuku a kan katako ba. Sjoukje ta lura yana da kunne: ya ƙwanƙwasa cuku da hagu, ya gaya maka ko akwai rami a ciki. Wata bakwai tana koya masa aikin tantance ingancin cuku. Juma'ar nan yake cika shekara biyu da rauninsa, kuma daga ranar doka ta ba kamfani damar sallamarsa. Takardar sabon aikinsa na kan teburinta. Ta sa hannu. Naka ne babu. Sau uku muna tambaya, ana ce mana ana dubawa. Tsoro muke ji, kuma ranmu a ɓace yake.

Wiebe, Femke, Auke, ku yi mana haƙuri da muka kawo maganar aiki wurin makokinku. Kun san da tana nan, da ta riga ni.

Ruurd, tun ɗazu kana tsaye a bakin ƙofa, ka rasa ko layin ma'aikata za ka zauna ko na baƙi. Taso. Ga kujera kusa da ni.

Muna godiya ga duk wanda ya zo. Allah ya jiƙan Sjoukje, ya ba ta hutawa, ya sanyaya zuciyar iyalinta. Mu da muka rage, Allah ya sa kada Juma'a ta same mu da kunya. Amin.