Muciyar da ta Karya Hannun Malam Sale

Assalamu alaikum mai gabatarwa, ina gaishe ka da masu sauraro. Malam Isiyaku ne daga Ba'awa.

Bara na ji wai wata tsohuwa a Burumburum ta karya wa mijinta hannu da muciya. Na ce ƙarya ne, don na san mijin, Malam Sale. Shekara talatin yana mana alfahari cewa ba a taɓa jin kansu ba. Shi ma cewa ya yi daga babur ya faɗo. Amma maɗorinsa ya ce mini, "Baba, wane babur ne zai doki wuri ɗaya sau uku?"

Ashe tuwo ne ya yi gudaji, Malam Sale ya ɗaga hannu zai mare ta, yadda ya saba tun tana amarya. Ta tare hannun da muciya, ta ƙara, ta sake ƙarawa har ƙashi ya ce ƙas. Tana duka tana cewa, "Kai ne ka zauna lafiya, ni ban zauna ba!"

Mai gabatarwa, ni ma a ƙuruciya hannuna yana da sauri, kuma na ɗauka an manta. A ba ni shawara, yaya tsoho ke neman gafarar laifin shekara arba'in? Domin wadda ta ba ni labarin nan a ƙarshe matata ce, Hajiya Ladi. Tana tuƙa tuwo, ba ta yi dariya ba, ta juyo mini kunnen dama tana jiran amsata. Na hagun, marina ne ya kashe shi.