Ƙasar da Aka Binne Ta Dawo Ɗakin Yarana

Assalamu alaikum mai gabatarwa, Allah ya ƙara basira. Ni ce Balkisu, daga wani ƙauye a ƙasar Anka.

Bara ma'aikata suka kwashe ƙasar gidajenmu mai gubar dalma, suka binne ta a bayan gari. Makon jiya suka dawo da wata na'ura kamar wayar hannu, wadda tauraron ɗan'adam ke nuna wa hanya. Alamar da suka kafa ta ɓace cikin ciyawa, amma na'urar ta kai su daidai kan ramin. Sai ga shi an haƙe gefensa!

Da na ji, sai na tuna cewa da rani maigidana ya yi ta jigilar ƙasa a jaki, ya yaɓe ɗakin da yarana uku ke kwana. Na tambaye shi ko a ramin nan ya ɗebo ta, ya ce, "Haba Balkisu, ta can ta fi laushi, ba tsakuwa."

Innalillahi! Magidanci har da furfura! Iyaye maza, ku ji tsoron Allah, 'ya'ya amana ne.

Na kai yaran gidan yayata, gobe za a gwada jininsu. Shi kuwa ya rantse ba mai taɓa masa bango. Masu sauraro, in kira ma'aikatan su auna ɗakin ko bai yarda ba?