Farcen Ƙafa da Turanci

A tashar mota ta garin Iloilo, Nenita na haddar Turanci don jarrabawar aikin kula da tsofaffi a ƙasar waje. Wani tsoho da ke gefenta ya leƙo littafin da ke hannunta.

"Yarinya, me kike ta gunguni?"

"Sunan farce, Baba. A Turanci na hannu daban, na ƙafa daban."

"Ikon Allah! Farcen ƙafa har da sunansa? Sarauta za su ba shi?"

"Darasi guda ne. A jiƙa shi da ruwan ɗumi, a yanke shi a miƙe, kada ya shige nama."

"Shirme! Haka 'yata ta haddace, yau shekara tara. Tana can tana durƙusa wa tsofaffin wasu, kamar su ba su haifa ba!"

"Haba Baba, ai don ku muke tafiya!" Nenita ta ce a fusace.

"Don mu?" Ya zare silifa ya miƙo ƙafa. Farcen babban yatsan ya yi kauri, ya lanƙwashe, ya nutse cikin nama. "To, wannan me sunansa da Turanci?"

Nenita ta ƙura wa farcen ido. Rabonta da duba ƙafar nata uban har ta manta.