Ranar da Sista Maznah Ta Kama Ni da Shinkafa

Assalamu alaikum. Mai girma Hakimi, Limaminmu, shugabar likitocin yara, Malam Embong mijin marigayiya, 'ya'yanta Hazwani da Suffian, jama'a maza da mata, sannunku da zuwa addu'ar arba'in ɗin Sista Maznah.

Sunana Deraman, manomin shinkafa. Iyayen yara masu farfaɗiya ne suka tura ni in yi magana. Ba farfaɗiyar da kuka sani ba, mai tsananin nan da ba kasafai ake ganinta ba, wadda magani uku, huɗu ba ya kwantar da ita.

Ta kasance uwar ɗakinmu, babbar nas a sashen yara na asibiti, shekara ashirin da biyu. Ta kasance idan an kawo yaro, kafin ta taɓa shi sai ta tambaya, "Kwana nawa kuka ɓoye shi a gida?" Ita ta koya mana cewa jinkirin zuwa, da zazzaɓin da aka raina, da ɗura wa yaro ruwa yana cikin jijjiga har ya shiga huhu, su ke mayar da kwana biyar wata guda. Ta kasance ba ta yarda a sallame ka sai hannunka ya iya abin da nata ya iya.

Jikata Wardina tana da shekara huɗu aka kwantar da ita. Da magunguna suka gaza, likita ta ɗora ta a kan abinci na musamman: ƙwai, kifi, mai, madarar kwakwa, komai a kan sikeli. Shinkafa kuwa, ko ƙwaya. Jijjigar ta ragu. Aka ce ranar Alhamis za mu tafi gida.

Jama'a, kun san mu. Wanda bai ci shinkafa ba, bai ci abinci ba. Ina kallon yarinya, zuciyata na ce mini yunwa ake kashe ta da ita. Ran Talata da azahar, uwarta ta tafi salla, na ciro dunƙulen shinkafa mai kwakwa daga ganyen ayaba na ba ta loma uku. Washegari ta faɗi sau shida. Maganar sallama ta rushe.

Sista Maznah ta ja ni baranda.

"Baba, buɗe jakar nan."

"Carbi ne kawai a ciki, 'yar nan."

"Carbin naka har da ƙamshin kwakwa? Kai dai tsohon nan, ko ɓera ya fi ka iya sata."

Na ce, "Yarinya ba ta ci komai ba sati biyu!"

Ta ce, "Ta ci, Baba. Idonka ne bai ƙoshi ba. Kana so ta koma gida, ko kana so ta ci shinkafa? Zaɓi ɗaya."

Na yi kuka a gabanta. Ba ta kore ni ba. Ta ce, "An ce har makarantar yamma ka shiga da furfurarka. To, zo ka karanta mini sikeli." Kwana goma sha tara da na jawo mana, kullum ni ke awo, tana tsaye a kaina tana cewa na cika hannu.

Yau shekara biyu Wardina ba ta kwana a asibiti ba. Ga ta can, mai jan kallabi, bana ta shiga makaranta. Ku gafarce ni, a wurin makoki nake, amma farin ciki ya hana ni rufe baki.

Malam Embong, mun sha cinye maka lokacin matarka, ka yafe mana. Hazwani, Suffian, duk gidan da kuka ga yaronmu na wasa a tsakar gida, ku shiga, naku ne.

Saura abu ɗaya. Zancen shinkafar nan, likita kaɗai Sista Maznah ta gaya wa. 'Yata Salbiah, uwar yarinyar, yanzu take jin labarin nan tare da ku. Salbiah, ni ne. Ki yafe wa babanki.

Mun gode muku duka. Ya Allah, yadda Maznah ta rufa mini asiri, ka rufa mata nata, ka haskaka kabarinta, ka ba iyalinta haƙuri. Mu karanta mata Fatiha.